Ƙiyasin Mai Duba Mita

Aikinsa duba mitar ruwa. Duk wanda ya zauna a unguwannin da ke bayan tashar jirgin ƙasa ya san shi, in bai san fuskarsa ba ya san ƙeyarsa, domin yawanci a sunkuye ake ganinsa: gwiwa ɗaya a ƙasa, ya ɗaga murfin ƙarfe, yana share laka daga gilashin mita da babban yatsa. Yara suna ce masa Baba Mita, manya suna ce masa Mita kawai, karnuka kuwa suna da nasu sunan da suke kiransa da shi tun daga bakin layi.

A ofishin ruwa akwai abin da ake kira ƙiyasi. Idan ma'aikaci ya je gida ya tarar da ƙofa a kulle, ko kare ya ƙi sulhu, an yarda ya duba abin da gidan ya sha a watannin baya ya rubuta kwatankwacinsa. Doka ce ta ranar larura, amma abokan aikinsa sun mai da ita ta kullum. Akwai wata inuwa kusa da mai shayi inda suke zama su duba mitar unguwa guda ba tare da takalmin kowa ya taɓa laka ba. Mita bai taɓa zama a inuwar nan ba. Duk sabon ma'aikacin da aka haɗa shi da shi sai ya sha huɗuba iri ɗaya.

"Ƙiyasi ƙarya ce da ofis ya buga wa hatimi. In ƙofa a buɗe take, ka shiga ka duba da idonka."

Ta wannan hanya ya samu mata. Yana saurayi ya je wani gida ya tarar an ɗora ƙatuwar tukunyar shuka fulawa a kan murfin mita. Wata budurwa ta leƙo da almakashi a hannu, ta dube shi, ta dubi tukunyar, ta ce tukunyar ta yi nauyi, ya dawo gobe. Ya dawo gobe. Ya dawo jibi. A tarihin ofishin ruwa babu mitar da ta sha dubawa kamar wannan, har sai da uban yarinyar ya tsayar da shi a ƙofa wata rana ya ce, "Yaro, ko dai ka aure ta, ko ka cire mitar nan ka tafi da ita gida."

Tela ce. Ɗinkin mata take yi a falonsu, keken ɗinkinta a gindin taga, ƙyallaye a ko'ina, fil a bakinta, kuma fil ɗin bai taɓa hana ta magana ba. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, ita ce fari ita ce auta, sai aka zaɓi sunan da ya fi daɗin kira ake ce mata Auta. Da Auta ta gama jami'a ta samu aiki a wani gari, ta bar wa ubanta tsohuwar kwamfutarta, ta buɗe masa shafi a intanet, irin wanda ake kira bulog, don ta gaji da sauraron labaran karnuka a waya. Ta ce, "Baba, rubuta su a nan, duniya ta taya ni ɗauka."

Ya sa ƙaramin tebur a lungun falo, fuskarsa ga bango, saboda hasken taga yana kashe masa gilashin kwamfuta. Keken ɗinkin ya koma bayansa. Haka zaman ya kasance shekara da shekaru: shi yana duban bango, ita tana duban ƙeyarsa.

Kowace Asabar yake wallafa rubutu ɗaya. Da farko a kan ƙofofin mutane ne, da karnukansu, da ƙaryar da masu gida ke yi game da famfon da ke yoyo. Masu karatu ba su taka kara sun karya ba, sai ranar da ya kawo wata magana da matarsa ta faɗa a kan wata mata da ta kawo mata ɗinki, yadi ɗan kaɗan da jiki mai yawa. Washegari ya tarar da sharhi jere a ƙasan rubutun. Daga nan ya gane inda ruwan yake. Ya laƙaba mata Gwamnati, domin ita ke yanke hukunci, ita ke riƙe da baitulmali, kuma ba ta da ranar sauka. Sunan ya bi ta har cikin gida, har shi kansa ya manta rabon da ya kira ta da wani.

Masu karatunsa ba za su cika filin ƙwallo ba, amma suna da amana. Akwai mai kiran kansa Tsohon Soja, akwai Malamar Lissafi, akwai wani Kifin Gwangwani da ba a taɓa sanin ko namiji ne ko mace ba. Bai taɓa ganin ko ɗayansu ba, amma ya san wanda ke fama da gwiwa da wadda ɗanta ya faɗi jarrabawa. Duk suna son Gwamnati. Shi ma yana son ta, ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya faru shi ne, a hankali kunnensa ya koma kamar bokitin da aka tara a ƙarƙashin famfo: duk abin da ta faɗa, tun bai shiga zuciya ba ya riga ya auna ko zai isa rubutun Asabar.

"Ni fa ƙeya na aura," ta ce wata rana da yamma, tana datse zare da haƙori. "Da na sani da na duba ta da kyau kafin in amsa. Akwai ma wani tabo a gefen hagu."

"Babu wani tabo," ya ce, bai juyo ba.

"Ka taɓa ganin ƙeyarka ne?"

Yatsunsa suka tsaya. "Maimaita. Yaya kika ce?"

"Na ce Allah ya shirye ka."

"A'a, wanda ya gabace shi."

Rubutun ya fita ranar Asabar, Tsohon Soja ya ce ya yi dariya har sai da haƙorin robarsa ya faɗi.

Akwai kuma zancen shuɗin leshi, wanda masu karatu suka haddace. Tun ranar aurensu ba su sake ɗaukar hoto tare ba. Wata shekara ya yi mata alkawarin za su je gidan hoto, na gaske, mai labule da fitilu. Ta sayi leshi shuɗi, ta ɗinka wa kanta a tsakanin ɗinkin mutane, ta ninke, ta sa a ƙasan akwati. Asabar ɗin da aka sa sai rubutu ya riƙe shi. Ta gaba aka yi ruwa. Ta gaba kuma ya manta, ita ma ba ta tuna masa ba, don ta ce ba ta roƙon abin da aka riga aka ba ta. Gidan hoton ya zama shagon sayar da waya. A shafin kuwa labarin ya juye, ya zama na rowar Gwamnati, wadda ke ɗinka wa duniya amma ta kulle nata kayan a akwati sai ranar tashin ƙiyama. Ta karanta, ta ce, "Uhm." Ya rasa yadda zai rubuta wannan, sai ya bar shi.

Shi da ya iya gane famfo mai yoyo daga motsin allurar mita, bai lura matarsa tana ramewa ba. Tela ce, tana rage rigunanta da kanta, kullum suna zauna mata daidai. Sai da Auta ta zo hutu ta rungume ta ta ji ƙashi, sannan aka tafi asibiti. Aka yi gwaje-gwaje, aka yi ta aika su daga wannan taga zuwa waccan. Daga ƙarshe likita ya zaunar da su, ya cire gilashinsa ya goge, abin da likitoci ke yi idan ba sa son ganin mutum sosai. Ya ce ciwon a hanta yake, kuma ya riga ya yi nisa.

"Kamar yaushe?" in ji Gwamnati, kai ka ce ranar karɓar ɗinki take tambaya.

"Rai na Allah ne. Amma a ganinmu, kamar wata shida. Zai iya fi, zai iya kasawa."

Mita, wanda ya yi rayuwarsa yana zagin ƙiyasi, ya ji wata shida, bai ji sauran ba.

A motar komawa gida ya riƙe hannunta, abin da rabonsa da yi a gaban mutane tun suna da ƙuruciya. Ya ce, "Zan rage rubutun nan. Wataƙila ma in ajiye shi. Lokacina duka naki ne yanzu."

"Ashe naka ne? Na ɗauka na Tsohon Soja ne." Ta jingina kanta da kafaɗarsa. "Abu ɗaya dai, kada ka kuskura ka sa ciwona a shafin nan. Ba na son addu'ar mutumin da ke kiran kansa Kifin Gwangwani."

Ya cika alkawari. Ya rubuta gajeriyar sanarwa cewa wasu hidimomin gida sun taso, don haka za a riƙa jin sa jefi-jefi, ko ma a daina jin sa na wani lokaci. Ya ɗauka za a ce Allah ya taimaka a wuce. Sai ga sharhi kamar zaman makoki. Malamar Lissafi ta ce Asabar ba Gwamnati ai Litinin ce. Tsohon Soja ya rubuta doguwar magana, ya ce tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya fita, jikarsa ce ke karanta masa, kuma daga Asabar zuwa Asabar yake ƙirga rayuwarsa. Mita ya karanta wannan ya sake karantawa. Mutum ne da bai taɓa barin gida ɗaya a layi ba tare da ya duba shi ba.

A nan ne ya tuna da wani abu da Auta ta taɓa nuna masa: ana iya rubuta abu yau, a saita masa rana, ya fita da kansa ko mai shi yana barci. Dabarar ta zo masa a cike. Zai ɗauki hutu daga ofis. Zai zauna ya rubuta na Asabar ɗin wata shida gaba ɗaya, ya saita kowanne da ranarsa, ya rufe kwamfuta, ya jefa ta ƙarƙashin gado. Daga nan babu abin da zai raba hankalinsa biyu. Masu karatu ba su rasa ba, Gwamnati ba ta rasa ba. Ya bayyana mata tsarin yana zana shi da yatsa a kan tebur.

"Zai ɗauke ka kwana nawa?" ta tambaya.

"Ɗan kaɗan. In na dage, mako biyu ko uku."

Ta dube shi ta ce, "To, dage."

Matsala ɗaya ce: rubutun yana bukatar Gwamnati, ita kuwa ba ta riga ta faɗi abin da za ta faɗa a watanni masu zuwa ba. Sai ya buɗe tsofaffin rubuce-rubucensa, ya duba abin da ta ce bara da damina, da abin da ta ce shekarar da ta gabace ta lokacin komawar yara makaranta, ya fitar da kwatankwacinsa. Aikin ya zo masa da sauƙi har ya ba shi mamaki. Ya san yadda take fara magana da yabo ta ƙare da yanka. Ya san inda take tsayawa ta ja numfashi. Gwamnatin da ke fitowa daga yatsunsa ta ma fi ta gida saurin ba da amsa.

Makonnin nan su ne maganin ya karɓe ta. Ta samu ƙarfi, tana cin abinci, tana fitowa falo da safe ta zauna a kujerarta ta gindin taga. Ta mayar wa mutane yadukansu, keken ɗinkin ya yi shiru, shi kuwa a ransa ya ji daɗin shirun, don rubutu ya fi gudu. Takan yi magana jefi-jefi. Ta yi zancen gidan ubanta da tukunyar fulawa. Ta yi zancen wata ƙawarta da suka ɓata tun kan wani maɓalli. Ta yi wasu zantukan da bai kama ba, saboda a lokacin yana tsakiyar sa wa ɗaya Gwamnatin magana a baki.

"Baban Auta."

"Na'am."

"Juyo ka gani."

"Saura kaɗan, Gwamnati. In na juyo zaren zai tsinke."

"Zare kam yana tsinkewa," ta ce.

Wata rana ya maƙale a wani rubutu, ya tambaye ta, idonsa a kan gilashi, "In famfon kicin ya fashe da rana tsaka, ni kuma ina zaune, me za ki ce?"

"Zan ce ka juyo."

Ya rubuta, ya karanta, ya ga babu abin dariya a ciki. Ya goge ya sa wata magana mai ɗan yaji a kan mijin da ke aikin ruwa amma gidansa ke ambaliya.

Auta ta sake ɗaukar hutu ta zo. Wata safiya ya ji kai-da-kawo a bayansa, ana jan akwati, ana dariya ƙasa-ƙasa. Ƙamshin turare ya cika falon, awarwaro yana ƙara. Ya ɗauka asibiti za su je. Da ya ji an matso kusa da kujerarsa sai ya ɗaga yatsa ɗaya sama, alamar da gidan duka suka sani, wato a ba shi minti guda. Aka ba shi.

Mako ukun ya ɗan zarce, kamar yadda aikin kirki ya saba. Ranar da ya saita na ƙarshe, ya rufe kwamfutar, ya naɗe wayarta, ya miƙe har ƙashin bayansa ya yi ƙara. Ya ɗaga kujerar da hannu biyu ya juya ta, ya zauna yana fuskantar falo, ya ce, "To, ga ni."

Kujerar gindin taga babu kowa. Auta ta leƙo daga ɗaki da kwano a hannu ta ce, "Baba, a hankali. Tun shekaranjiya ba ta iya fitowa."

Ba ta sake fitowa ba.

Gaskiya ita ce ya yi jinya, kuma ya yi ta da kyau. Ba a taɓa ganin ya yi aiki rabi ba. Ya koyi juya ta ba tare da ta ji zafi ba, ya koyi jiƙa mata leɓe da auduga, ya wanke abin da ake wankewa bai yamutsa fuska ba. Ya ja kujera bakin gado ya zauna yana fuskantarta daga safe har yamma, da dukan lokacin da ya tara mata. Sai dai maganar ta ƙare. Bakin da fil bai hana shi aiki ba yanzu kalma ɗaya tana gajiyar da shi. Yakan ce, "Ba ni labarin ƙawar nan taki ta maɓalli," sai ta motsa yatsu, alamar an wuce wurin.

Wata rana ta buɗe ido ta tsaya a kan fuskarsa, tana dubanta kamar yadin da aka kawo mata daga wata ƙasa.

"Ashe ta gaba ma ka yi furfura," ta ce.

Wannan ce cikakkiyar magana ta ƙarshe da ya samu. Ta rasu ba a ko ci rabin wata shidan ba. Likita bai yi ƙarya ba, ya ce zai iya kasawa.

Asabar ɗin da ta biyo baya falon cike yake da masu ta'aziyya. An ture keken ɗinkin jikin bango an rufe shi da zane. Wayarsa ta yi motsi a aljihu, ta sake yi, ta sake yi. Ya fita bayan gida ya duba. Rubutu ya fita da kansa a kan lokaci, kamar yadda aka umarce shi. A ciki Gwamnati tana tsaye a kicin, ruwa har idon sawu, tana wanke mijinta tas. Kifin Gwangwani ya jera fuskokin dariya. Malamar Lissafi ta ce, "A gaida mana Gwamnati, Allah ya ja zamaninta."

Ya tsaya a wurin, kusa da murfin mitar gidansa, ya karanta rubutun har ƙarshe. Ya san ya kamata ya tsayar da sauran, ya gaya wa mutanen nan gaskiya. Ya ce sai an watse. Da aka watse ya ce sai mako mai zuwa.

Mako mai zuwa ya zo, ya haɗa shayi kofi ɗaya, ya zauna yana jiran lokacin ya cika. Gidan ya yi shirun da a da yake nema. Da rubutun ya fita sai ga muryarta, ko abin da ya yi kama da ita, tana ciniki da mai kayan miya. Ya yi dariya shi kaɗai, dariyar ta juye ta zama wani abu daban, ya bar ta ta gama. Daga nan ya zama shi ma mai karatu, yana ƙirga rayuwarsa daga Asabar zuwa Asabar kamar Tsohon Soja. Ya koma aiki. Abokan inuwa suka yi masa ta'aziyya, suka matsa masa wuri a benci, ya gode ya wuce. A shafin kuwa Gwamnati tana nan lafiya lau, har ta yi ƙiba a wani rubutun.

Auta ta koma garin da take aiki. Tana ganin rubuce-rubucen, ta yi shiru, don ta ga uban nata ba shi da wani abin riƙewa. Ta yi haƙuri da na famfo, ta yi haƙuri da na mai kayan miya. Sai Asabar ɗin da na leshi ya fita.

Ya ma manta ya rubuta shi. Yana cikin waɗanda suka zo masa da sauƙi, tunda tsohon zance ne. A ciki ya ce:

"Jiya na sake roƙon Gwamnati ta fito da shuɗin leshin nan ko iska ya sha. Ta ce leshi ba ɗan akuya ba ne da za a fitar da shi kiwo. Jama'a, ku shaida, leshin nan zai ga bayanmu duka. Ina jin ko asu ya gaji da jira ya yi ƙaura."

Aka yi dariya sosai. Tsohon Soja ya ce a kafa kwamitin ceto leshi, shi zai shugabanta daga kan gado.

Da la'asar aka buga ƙofa. Auta ce, ba jaka, ba sanarwa, idonta ya kumbura irin na wadda ta yi kuka a motar haya tana ɓoyewa. Ta gaishe shi a tsaye, sannan ta zauna a hannun kujera.

"Baba, ka san ba na sa baki a rubutunka."

"Na sani, uwata. Zan gaya musu. Mako mai zuwa zan..."

"Ba wannan ba. Leshin. Ta sa shi."

Ya dube ta. "Yana cikin akwati."

"Yana cikin akwati saboda ni na wanke shi na mayar. Ta sa shi, Baba. Sai da ta zauna ta rage shi da allura da hannunta, don ya yi mata yawa. Ni na ɗaura mata ɗankwali. Ta sa turare, ta sa awarwaronta. A nan ta zauna, tun safe har rana ta take."

"Ni kuma ina ina a lokacin?"

Auta ta ciro wayarta, ta yi ta turawa da yatsa, ta miƙa masa.

Hoton falonsu ne. Gwamnati ce a tsaye cikin shuɗin leshi, ta rame, ɗankwalin ya fi fuskar girma, amma ta tsaya tsaf, ta ɗaga haɓa, ta yi murmushin gidan hoto. Hannunta ɗaya yana kan bayan wata kujera, yadda mata ke dafa kujerar mazajensu a hotunan da ake ratayewa a bango. A kan kujerar akwai mutum. Ya ba da baya, ya sunkuyar da kai ga kwamfuta, ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

"Ta ce, 'Auta, ɗauke mu hoto ni da mijina.'"

Ya riƙe wayar da hannu biyu kamar za ta zube.

"Me ya hana ki taɓa ni? Ko ki dake ni ma. Me ya hana?"

"Na kai hannu. Ta riƙe ni." Auta ta share hanci da bakin mayafi. "Ta ce in bar ka, aiki kake yi don ka samo mata lokaci."

A waje wani yana tura baro yana kiran a ba shi hanya. Mita ya sa yatsu biyu a kan gilashin wayar ya buɗa hoton, yadda Auta ta koya masa tun da daɗewa. Ya duba fuskar ya daɗe. Ya duba ɗinkin kafaɗa inda ta rage shi, ƙananan sawun allura a jere, babu wanda ya kauce. Ya duba hannun da ke kan kujera, wanda tsakaninsa da wuyan rigarsa bai kai faɗin yatsa ba. Sannan ya matsa gefe kaɗan, ya share gilashin da babban yatsa, ya kawo shi kusa da ido.

"Ashe da gaske akwai tabon," ya ce.

"Wane tabo?"

"A gefen hagu."

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya jawo kwamfutar daga ƙarƙashin gado. Ya kawo ta falo ya ajiye a cinyar 'yarsa.

"Akwai saura a ciki, sun kai na wata biyu. Nuna mini yadda ake tsayar da su."

"Duka?"

"Duka. Ba ita ta faɗa ba."

Auta ta buɗe, ta fara cire su ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye a kanta yana ganin Asabar ɗinsa suna ɓacewa. Da ta zo na ƙarshe ta ɗago.

"Mutanen fa? Me za ka ce musu?"

"Zan ce ta rasu. Zan ce ta sa leshin."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan abin da na gani da idona," ya ce. Ya ja kujerarsa ya zauna yana fuskantar taga. "Yanzu ke gaya mini. Da kuna zaune a nan bayana, me da me ta ce? Fara daga farko. Kada ki gyara komai."